Kason Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Dabba biyu ake ɗaurewa a gidan Baba Samanja duk Babbar Sallah, rago da taure. Ragon na layya ne. Tauren ba na layya ba ne, ko da yake rana ɗaya ake yanka su, kuma wanda bai san gidan ba sai ya ɗauka ƙarfin hali ne kawai tsohon yake yi da kuɗin fansho. Labarin tauren nan zan bayar, da na mutanen da ake yanka shi dominsu. Ni maƙwabciyarsu ce a Badariya, cikin Birnin Kebbi, matar tsohon soja, na kuma daɗe ina magajiya a bariki, wato mai kula da lamurran matan sojoji. Da izinin mutanen gidan na rubuta, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

Gidan soja ne tun daga tushe. Asalinsu ƙasar Zuru, inda da wuya ka shiga gida uku ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Ƙasar da ta fitar da Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Magoro, da Tanko Ayuba, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Waɗannan su ne ake gani a jarida. A ƙarƙashin kowane janar akwai ɗaruruwan farabiti da kofur da ba wanda ya san su sai 'yan garinsu, mahaifin Baba kuwa cikinsu yake. Turawa suka ɗebe shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya je ƙasar Bama ta Asiya cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ya dawo da tari da lambar girma guda. Sunayen barikokin da muke ji, Dodan da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, daga wuraren da irinsu suka gwabza a can aka samo su. Baba ya shiga a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, yana ɗan shekara 18, lokacin da ake ba samari ɗan gajeren horo a tura su gaba. Ya je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, ya ajiye kaki a 2003. 'Ya'yansa biyu suka bi sahu. Babban ya rasu a Borno cikin daminar 2019, motarsu ta taka nakiya. Ƙaramin las kofur ne, yana dajin Zamfara ƙarƙashin rundunar Fansan Yamma.

Sallar 2025 ta kama Juma'a, 6 ga Yuni, gwamnati ta ba da hutun Juma'ar da Litinin, kwana huɗu ke nan a jere. Tun Laraba tasha ta cika da masu tafiya gida. A gidan soja ba haka ake lissafin hutu ba. Ranar da farar hula ke hutawa ita ce ranar da ake ƙara sa ido, a tsare filin idi, a tsare hanyoyi, a tsare kasuwannin dabbobi saboda kuɗin da ke yawo. Fas, wato izinin fita na 'yan kwanaki, ba a ba kowa lokaci guda. Kwamanda zai saki kaɗan ya riƙe saura, kuma yawanci musanye ake yi, Kirista su riƙe aiki da Sallah, Musulmi su riƙe da Kirsimeti. Wanda ke bakin daga ko wannan ba lallai ya samu ba. Ƙaramin ya nema bai samu ba, karo na biyu a jere. Amaryarsa, wata bakwai da ɗaurin aure, ta riga ta sha lalle da kitso kafin saƙon ya iso. Ta shige ɗaki ta kwanta. Inna, matar Baba, ta leƙa ta ce, "Ɗiyata, tashi ki ɗora muna sanwa. Ni Sallah goma sha ɗaya na yi Babanku ba shi gida, ga ni ban mutu ba."

Abu na farko da ake koya wa amaryar soja shi ne ladabin waya. Shi ke kira, ba ke ba, don ba ki san ko yana kwance a kwanton ɓauna wayar za ta yi ƙara ko ta haska ba. In ya kira, ba a tambayarsa yana ina, su nawa ne, yaushe za su tashi. Ba a sa hotonsa da kaki a Facebook haɗe da sunan garin da yake, ba a kuma faɗa a gidan biki cewa ranar kaza zai biyo hanya kaza, domin masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba a goshi aka rubuta musu ba. Shiru kuma ba mutuwa ba ne. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, mata sun yi makonni ba su ji muryar mazansu ba, wasu har suka kwanta ciwo, daga baya mazan suka kira lafiya lau. Yawancin shirun soja rashin sabis ne ko rashin caji.

Shekarar da babban ya rasu, Baba ya so ya yi layya da sunansa. Liman ya faɗa masa cewa a mazhabar Malikiyya an karhanta yi wa mamaci layya, sai fa in shi mamacin ya ware dabbar da kansa kafin ya rasu, amma sadaka tana isa gare shi ba musu. Daga nan tauren ya samo asali. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ragon layya sai ya kai shekarun da shari'a ta gindaya, ba mai ido ɗaya ba, ba gurgu ba, ba mara lafiya ba, ba ramamme ba, ba a yanka shi sai liman ya yanka nasa, ba a sayar da naman ko fatar, ba a kuma biyan mahauci da wani yanki nasa. Tauren sadaka babu wannan ƙaidi a kansa. Baba na ba wanda ya ga dama, har da matan abokan aikinsa Kirista da mazansu suka mutu, ba tare da wani ya tsaya yi masa fatawa ba.

Ana saukowa daga idi aka yanka, aka feɗe, aka cire kayan ciki. Mu nan ba ma daddatsa rago ranar Sallah, tareni ake yi. A tsaga ƙirjin, a baje dabbar a kan sanduna biyu da aka gicciya, a shafa gishiri, a kafa ta gefen wuta, tazarar babban taku guda ko fiye. Cikin ake fara juya wa wuta, sai ya tsane a juyo bayan. Daga azahar har bayan isha'i ake yi, da itace mai kauri wanda ke barin garwashi, ba karare masu tashi bal su mutu ba. Kuskuren masu gaggawa shi ne matso da naman kusa: waje ya ƙone, cikin cinya na ɗanye, gari na wayewa ya fara wari. Maganinsa a tsattsaga tsokar cinya da ta kafaɗa da wuƙa har kusa da ƙashi tun kafin a kafa. A ajiye tire a ƙasa ya tari kitsen da ke ɗiga, da shi za a yi suya gobe. Sallar da ta faɗo farkon damina kuma sai an tanadi kwanon rufi a kusa. A daren nan hadari ya taso daga gabas wajen ƙarfe tara, 'yan biyu, 'ya'yan marigayin, da kawunsu suka kinkimi sandunan zuwa zaure da gudu, iska ta gama burgarta ta wuce ba ɗigo ɗaya.

Ranar Sallah kayan ciki ake ci. Hanta ake fara gasawa, kuma a nan ne na fi kallon Inna. Marigayin ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye, ba ta kuma fara ba don ya mutu. Ranar da labarin ya zo ba a ga hawayenta a gaban mutane ba, har wasu baƙin ta'aziyya da ba su san alkunya ba suka yi ta mamaki. Amma duk Sallah, hantar na sauka daga wuta, sai ta yanki gefe mai kauri, ta barbaɗa yaji, ta sa a ɗan kwano, ta miƙa wa jikarta. "Kai ma almajirin da ke ƙofa. Kason yaron nan ne." Iyakar abin da take faɗa ke nan, shekara shida.

Asabar ake rabo. Naman layya Inna ke kasawa, na gida da na dangi da na maƙwabta. Na taure Baba ke kasawa da hannunsa, yana duba wani tsohon littafin rubutu mai bangon ja. Gida goma sha ɗaya ne a ciki, duk na matan da mazansu suka mutu a bakin aiki, wasu a Badariya, wasu a Gesse, wasu a Bayan Kara. Taure guda a kasa shi goma sha ɗaya, kowa ya san ba wani abin kirki ba ne, tsoka biyar ko shida da ɗan ƙashi. Baba ma ya sani. Naman dalilin shiga gida ne kawai. Da kansa yake zuwa a Keke Napep, 'yan biyu na riƙe da ledoji, kuma a kowane gida bayan gaisuwa tambaya uku yake yi: yara na zuwa makaranta, an biya haya, ina aka kwana a maganar takardu. Abin da ya ji ya rubuta. Wadda aka koro wa yaro, ya san wanda zai je ya gani a cikin tsofaffin abokan aiki. Wadda takardunta suka maƙale, sai ya ce ta zo ta ga surukarsa.

Surukar ita ce matar marigayin, Maman Biyu, kuma ba a makaranta ta koyi wannan ilimi ba.

Ƙa'ida ita ce in soja ya rasu, bataliya ta aiko sigina, wato saƙon hukuma, hafsa ya zo gida da liman ko fasto, da magajiya, da rana tsaka, a zaunar da matar a faɗa mata. Waya ta ɓata wannan tsari. Ita cikin dare matar wani abokin aikinsa ta faɗo mata ɗaki da kuka, mijinta ya kira ya gaya mata. Tana da cikin wata biyar, 'yan biyu na shekara biyar. Ta yanke jiki ta faɗi, Allah ya sa cikin bai zube ba. Roƙona ga matan bariki: in mijinki ya gaya miki irin wannan, ki kai wa magajiya, ki kama bakinki. Ba ke aka aika ba.

A Maiduguri aka binne shi, a maƙabartar sojoji ta barikin Maimalari. Baba ne ya je, kwana biyu a mota ta Gusau da Kano da Damaturu. Aka yi masa salla, aka busa bigila, aka yi harbi sama, aka naɗe tutar da aka lulluɓe shi da ita aka damƙa wa Baba. Ya rubuto layin da kabarin yake a littafinsa. Matarsa har yau ba ta ga kabarin ba. Takabar mace wata huɗu da kwana goma ce, ta mai ciki kuwa haihuwa ke ƙare ta, don haka ranar da ta haifi Auta ta fita. Ɗakin bariki aro ne, ana ba da lokaci amma dole a tashi, wani sojan na jira. Baba ya sa aka yi mata ciki da falo a gefen gidansa. Wadda ba ta da suruki irinsa, kuma mijinta bai mallaki ko fili ba, daga takaba sai gidan haya.

Haƙƙin sojan da ya mutu a bakin aiki ba dunƙule yake zuwa ba. Akwai kuɗin jana'iza, akwai haƙƙin mutuwa da ke fitowa daga Hukumar Fanshon Soja a Abuja, akwai inshorar rai, akwai asusun walwala na NAWIS da ake cirar masa daga albashi, akwai tallafin karatun yara. Kowanne da fayil ɗinsa. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, wasiƙar ta'aziyyar kwamanda, takardar gabatarwa daga bataliyarsa ta ƙarshe, rantsuwar kotu, hotuna, katin shaida da lambar asusun banki, wani lokacin har da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Duk waɗannan ana samunsu. Inda gizo ke saƙa shi ne sunan magaji.

Duk kurtu in ya shiga Defo a Zariya ana ba shi takarda ya rubuta wanda za a nema in wani abu ya same shi. Marigayin ya shiga a 2009 yana saurayi, ya rubuta yayansa na ɗakin uwargida, direban babbar mota a Legas. Ya yi aure, ya haihu, bai koma ya sauya ba. Ko auren bai kai an buga a takardar da sojoji ke kira fat-tu-oda ba, wadda ita ce shaidar da soja ke dubawa cewa wance matar wane ce, wane ɗansa ne. A idon takarda, gwauro ne ya mutu. Sai da aka nemo shaidar ɗaurin aure daga limamin da ya ɗaura, aka yi rantsuwa a kotu, aka karɓo takardun haihuwar yara daga hukumar ƙidaya. Yayan mutumin kirki ne, ya bar aikinsa ya zo sau uku, amma shi ma sunansa iri uku ne: a takardar soja an rubuta sunan mahaifi a ƙarshe, a banki sunan garinsu, a katin ɗan ƙasa kuma an juya harafi biyu. Kwamfuta ba ta san "ai shi ne" ba. Aka sake rantsuwa, aka buga gyaran suna a jarida, aka gyara BVN ya dace da NIN. Shekara ɗaya da wata takwas aka yi kafin kuɗin farko ya shigo, kuma rabin wannan jira daga layi guda ne da marigayin zai iya gyarawa cikin rabin awa a ofishin akawun bataliya.

Maza ba sa son wannan magana, gani suke kamar kiran mutuwa ne. Mutumin da ke kwana da bindiga a ƙarƙashin kai, amma takarda ɗaya ke ba shi tsoro.

Ga abin da Maman Biyu ke gaya wa duk wadda Baba ya turo mata. Ki haddace lambar aikinsa kamar Fatiha, da ita ake neman fayil, ba da suna ba. Kowace takarda ki yi mata kwafi goma, ta ainihin kada ta bar hannunki, a gani a mayar miki. Ki sayi littafi, duk ofishin da kika kai takarda ki rubuta ranar da muƙamin wanda ya karɓa. Layin wayarsa kada ki bari ya mutu, ki riƙa sa masa kati kina kira da shi, don asusunsa na banki a kansa yake, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayarwa. Wanda duk ya kira ki ya ce daga Abuja yake, ki turo kuɗi ya fito miki da fayil, ɗan damfara ne. Sun kira ta sau biyu, har lambar aikin marigayin suka karanto mata daidai. Ta ce su bari ta haɗa su da surukinta samanja, ba su sake kira ba.

Da kuɗin ya shigo asusun yayan, Baba ya sa aka kira malami. Wanda aka rubuta a matsayin magaji wakilin karɓa ne, ba mai dukiya ba, kuma gidaje da yawa sun watse a kan rashin fahimtar wannan, ko ƙin fahimtarsa da gangan. An fitar da bashin da ake bin marigayin tukuna, na mai shago da na adashi. Sauran aka raba gado: matar tumuni, uba sudusi, uwa sudusi, ragowar na yara, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. A kowace naira 240,000, matar na da 30,000, Baba 40,000, Inna 40,000, yara 130,000, wato maza biyu 52,000 kowanne, macen 26,000. Auta da ke ciki ranar rasuwar ya ci gadonsa cif, shi ya sa ma ba a raba komai in akwai ciki sai an haihu. Baba da Inna suka karɓi nasu a gaban shaidu, sannan suka mayar wa jikokin. Aka saya musu fili, saura ta sayi keken ɗinki da injin markaɗe.

Da yammar Asabar aka koma kan kason Kofur, ƙaramin da ke daji. Naman da za a aika daji ba irin na ci a gida ba ne. Dambu ya fi, don ba ƙashi, ba nauyi, kuma yana jure kwanaki. Tsokar cinya zalla ake ɗiba, a cire kitse da jijiya, a dafa da gishiri da citta da kanumfari da tafarnuwa har ruwan ya ƙafe a jikinsa, a daka a turmi ya zama zare-zare, a soya da mai kaɗan a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa, har ya yi wasar-wasar. A matse man, a baje a faranti ya huce sarai. Cinya guda in ta zama dambu ba ta cika ƙaramar robar fenti ba, kada a yi mamaki. Amarya ta kwashe nata da zafinsa za ta ƙulle a leda, Inna ta riƙe mata hannu. "Mi kike yi? Wanga in ya yi zuhwa cikin leda, kwana ukku ya yi hunhuna." Haka ne kuwa. Tururi shi ne ruwa, ruwa shi ke kawo fumfuna, balle da damina. Ɗanyar albasa ma ba a sa ta a ƙarshe saboda wannan dalili. Yaji daban ake ƙulle shi. A mota haya ba a ba da saƙon soja, ba a rubuta muƙami a jikin roba. Wani abokin aikinsa da fas ɗinsa ya ƙare zai koma Gusau ranar Lahadi da asuba, cikin kayan gida, shi aka ba.

Lahadi bayan la'asar Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da akwatin ƙarfe. Tutar na ciki a naɗe yadda aka ba shi, da hular marigayin da bel ɗinsa, da lambar Bama ta kakansu wadda zarenta ya ƙoƙe. Ba a taɓa wanke tutar ba, kafur ake sa mata saboda asu, a shanya ta a inuwa sau ɗaya a shekara.

Ƙasa na da ranarta ta tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. Da can 11 ga Nuwamba ake yi tare da sauran ƙasashen renon Ingila, aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da Philip Effiong na ɓangaren Biyafara ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan. Ana addu'a a masallaci ranar Juma'a, a coci ranar Lahadi, ranar kuma a ajiye furanni, a yi shiru na minti ɗaya, a busa bigila, a saki fararen tattabaru. Ba hutu ba ce, yawancin mutane a rediyo suke jin an yi. Baba ba ya fashin zuwa, da rigarsa ta ƙungiyar tsofaffin sojoji a goge. Ranar na da wani nauyi a wurinsa, don a 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, wanda barikin da ɗansa ke kwance ke ɗauke da sunansa. Amma a filin fareti ba a kiran sunan farabiti, kuma in an watse kowace gwauruwa ita ke biyan kuɗin motarta zuwa gida. Ni ban raina furen ba, abin da na gani shi ne bai taɓa hana a koro yaro daga makaranta ba. Shi ya sa Baba ya zaɓi Sallah, lokacin da jikoki ke gida kuma akwai nama a hannu.

Ya buɗe bayan littafin ja ya fara karantawa. Muƙami, suna, gari, inda ya faɗi, shekara. Abagana 1968. Monrobiya 1990. Malam Fatori 2016. Metele 2018. Kanya, nan ƙasar Danko-Wasagu, 2022. Suna 47 ne, wasu tare suka yi kurtu, wasu 'ya'yan abokansa ne da aka haifa a gabansa. In Musulmi ne a ce Allah ya jiƙansa, yara su amsa. In Kirista ne Baba ya ɗan dakata ya ce Allah ya raya abin da ya bari, a amsa da amin ɗaya. Idonsa ya yi rauni, a Sallar nan namijin cikin 'yan biyu ne ya karɓi karatun daga tsakiya, yana tuntuɓe a kan sunayen mutanen kudu, kakansa na gyara masa. Sunan ubansa ba shi ne na ƙarshe ba, an ƙara shida a bayansa. Kafin a kai gare shi Inna ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Ba abin da ke kan murhu, kowa ya sani, ba wanda ya ɗaga kai. Yaron ya karanta sunan kamar sauran, muƙami da gari da shekara. Auta, wanda bai taɓa ganin mai sunan ba sai a hoto, ya fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Litinin baƙi suka watse. Maman Biyu ta kira amarya ɗakinta, ta ba ta sabuwar jakar takardu ta roba, ta sa ta kawo shaidar aure da katin ɗan ƙasa, suka zauna suna gwada harafi da harafi. An samu ɗaya: a banki sunan mahaifinta da "u" ya ƙare, a katin babu.

Bayan isha'i wayar amarya ta yi ƙara. Kofur ne, muryar na zuwa tana yankewa. Dambu ya iso, su tara suka taru a kansa, ko minti goma bai yi ba, sajensu Bayarabe ya ce a gaya wa Inna yajin ya yi kaɗan. Ya gaida Baba, ya gaida Inna, Maman Biyu ta karɓi wayar.

"Kofur, ka sauya sunan magaji?"

Ya yi dariya. "Haba Anti, ana Sallah kina zancen mutuwa?"

"Yayanka ma haka ya ce man. In kun fito ka tahi wurin akawu, ka sa a buga auren, ka ɗauko hoton takardar ka turo. Ban gani ba, ba dambu baɗi."

"To, Anti. Faɗa ma amarya ta rubuta lambata, ga ta..."

Ya faɗi rabi sabis ya ɗauke. Amarya na tsaye da biro a hannu. Baba, daga kan tabarmarsa, ya ƙarasa mata sauran da ka.